Shan ruwa a gida ko a gidan cin abinci? Ga amsoshin, don Allah a daina maimaita tambaya

Duk shekara, da an ga watan Ramadan, tambayoyin nan suke dawowa kamar ba a taɓa amsa su ba. Na tara su wuri guda. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Ya halatta a buɗa baki a gidan cin abinci?

Ya halatta. Rana ta faɗi, abincin halal ne, ka sha ruwanka.

Amma ladan wanda ya sha ruwa a gida ya fi, ko?

Ba a ɗaura ladan a kan wuri ba. An ɗaura shi a kan lokaci. Hadisin Sahlu ɗan Sa'adu da ke cikin Bukhari da Muslim cewa ya yi mutane ba za su gushe cikin alheri ba matuƙar suna gaggauta buɗa baki. Cin abinci tare da jama'a kuma yana da albarka, wannan haka yake, sai dai jama'ar ba dole sai a falonka za ta taru ba. Dubi dubban mutanen da ke shan ruwa a kan shimfiɗu a Masallacin Annabi a Madina. Wa ya ce musu ladansu ya ragu?

An kira sallah, abincin da na yi oda bai iso ba. In jira?

Ka jira me? Wannan ita ce tambayar da ta fi ba ni haushi. Kowa a wurin ya yi oda lokaci guda, madafa ta cika, yaran da ke kai abinci suna ta kai da kawo da faranti uku-uku a hannu. Sai ka ga babban mutum ya zuba wa ƙofar madafa ido, ga gorar ruwa a gabansa bai taɓa ba, wai shi sai abinci ya zo. Anas ɗan Malik ya ce Annabi (SAW) yana buɗa baki kafin sallah da ɗanyen dabino, in babu da busasshe, in babu ya kurɓi ruwa. Sa dabino uku a aljihu kafin ka bar gida, magana ta ƙare.

Matata ta ce ta gaji, wai yau mu fita mu ci a waje. Wannan ba lalaci ba ne?

Malam, ita ma azumin take yi. Tun La'asar tana tsaye a gaban wuta, ba ta isa ta ɗanɗana ta haɗiye ba, kai kana kwance kana duba agogo. Lokacin da ake cewa addu'ar mai azumi karɓaɓɓiya ce, ita tana sauke tukunya. In kana da hali, fitar da ita. In ba ka da hali, tashi ka kama mata. Nana A'isha ta ce Annabi (SAW) yana hidimar iyalinsa a gida. Ke kuma 'yar'uwa, kwantar da hankalinki, ba ki yi laifin komai ba don kin ce kin gaji.

Shugabanmu a wurin aiki ya gayyace mu shan ruwa a otal. Ana sayar da giya a wurin, kuma ban tabbata akwai wurin sallah ba. In je?

To, wannan ita ce tambayar gaske, kuma ba ta amsuwa da kalma ɗaya.

Fara da giyar. Hadisin Jabir a Tirmizi ya hana wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya. Teburi aka ambata. Saboda haka in za a ajiye kwalba a teburin da kake, babu wani dogon bayani, ba za ka zauna ba, ko da shugaban ne ya ja maka kujera. In kuwa an ware muku zaure daban, mashayar tana wani ɓangare na ginin, nan malamai suka sha bamban. Wasu sun sassauta idan akwai buƙata, wasu na ganin nisantar wurin baki ɗaya ya fi, musamman ga wanda mutane ke koyi da shi. Ni dai ina ganin ya danganta da ko akwai wani zaɓi. Wanda ke zaune a ƙasar da da wuya a samu otal marar giya ba ɗaya yake da wanda ya tsallake wurare goma masu tsabta ya zaɓi wannan ba. Sannan ka tambayi naman. Kasancewar an rubuta "buɗa baki" a allo ba ya nufin yankan halal ne.

Sai sallah, kuma a ganina ita ce aka fi yin sakaci da ita. Lokacin Magariba gajere ne. A mashhurin mazhabar Malikiyya, zaɓaɓɓen lokacinta gwargwadon yin tsarki da sallatarta ne bayan faɗuwar rana. Sauran malamai sun ce yana kaiwa har jan shafaƙi ya ɓace. Ko ka ɗauki mai faɗin, ba zai jira jawabin shugaba da ɗaukar hoto da layin ɗibar abinci ba. Na san za a kawo min hadisin da ya ce idan an ajiye abincin dare kuma aka tsayar da sallah a fara da abincin. Ingantacce ne. Amma malamai sun fahimce shi a kan wanda hankalinsa zai rabu, kuma da sharaɗin lokaci ba zai fita ba. Ba lasisin zama har Isha ba ne.

Abin yi: kira otal ɗin tun da rana, ka tambayi inda ake sallah. Je da alwalarka da ƙaramar darduma. Sha ruwa, ci dabino, tashi ka yi raka'a uku ko a lungun zaure ne, ka dawo. Sau da yawa da mutum ɗaya ya miƙe sai ka ga biyar sun bi shi. In kuma ka ga duk wannan ba zai yiwu ba, ba da uzuri cikin ladabi. Idan ƙin zuwan zai taɓa aikinka da gaske, zauna da malamin da ya san halinka, don wannan ba hukunci ɗaya ne ga kowa ba.

Irin abincin da ake biya sau ɗaya mutum ya ɗebi iya son ransa fa?

Halal ne, amma ku ji tsoron Allah. An biya kuɗi, sai kowa ya ce sai ya fanshe. A tula faranti, a ci rabi, a ture, a sake ɗauko wani. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta ce ku ci ku sha, kada ku yi ɓarna. Kashi ɗaya na ciki abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi. Wanda ya cika ukun da abinci, a tarawihi ake gane shi. Kada masu ci a gida su yi dariya, kwandon sharar gidaje ma cika yake yi a Ramadan.

Wurin cin abincin yana can saman dogon bene. Lokaci ɗaya ne da na ƙasa?

In har kana ganin rana, ba ka sha ruwa. A 2011 malamai a Dubai sun ce mazauna saman Burj Khalifa, ginin da ya kai mita 828, su ƙara minti biyu zuwa uku bayan na ƙasa. Bene mai hawa huɗu ko biyar kuwa, daina wahalar da kanka.

Masu wurin sun ce lokaci ya yi, muka sha, ashe da saura.

Babu zunubi a kanka tunda ba da gangan ba ne. Mafi yawan malamai sun ce ka rama yini ɗaya. Gobe ka duba jadawalinka da kanka.

Na biya wa abokina kuɗin abincinsa. Ina da ladan ciyar da mai azumi?

Kana da shi, in ka yi niyya. Hadisin Zaidu ɗan Khalid kan ladan ciyar da mai azumi bai ce sai ka dafa da hannunka ba. Yaron da ya kawo muku abincin ma wataƙila bai kurɓi ko ruwa ba tukuna, miƙa masa dabino.