Waiwaye: Yadda bauca ta rabu da takardunta a ofis

Wanda ya taɓa bin kuɗin kwangila a wata ma'aikata a Sakkwato ya san wannan amsar: "Mi kaka so in yi, Alhaji? A kwamfuta an amince, amma takardun ba su iso ba." Bauca, wato shaidar neman a biya kuɗin, na cikin manhajar biyan kuɗi, takardar ba da aiki da rasit da shaidar kammalawa kuma suna wani wuri daban. Da can tare suke tafiya.

Garin nan ba baƙon takarda ba ne. Tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, gidan Waziri ne ke riƙe da wasiƙun da ke kai-kawo tsakanin Sakkwato da masarautu, kuma hatimi ne shaidar ingancinsu. Bayan Turawa sun ci garin a 1903 sai fayil ya shigo ta ofisoshin Razdan da na En'e.

Fayil ɗin nan da ake rainawa aiki biyu yake yi lokaci guda. Ma'aji ne, domin kowace takarda ana huda ta a ɗaure da igiya a buga mata lambar shafi. Kuma hanya ce: a bangonsa ake rubuta teburin da zai je, masinja ya rungume shi da littafin sa hannu, kowane jami'i ya rubuta ra'ayinsa a ƙasan na wanda ya gabace shi. Babban sakatare ba ya amincewa da biya sai hujjar na gabansa, a shafi kaza. Aibinsa kowa ya sani. Gara na ci, ɗigar damina na jiƙawa, wani lokaci kuma ya kwanta cikin aljihun teburin wani har sai an "gan shi". Da aka cire Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996, fayilolin ma'aikata sai da suka bi masu su, kuma tsofaffin 'yan fansho suna da labarai a kan haka.

Da kwamfuta ta zo, sai ta raba ayyukan biyu, kowanne da kamfanoninsa. Masu manhajar tafiyar da aiki, irin su SAP da aka kafa a Jamus a 1972, suka riƙe lissafi: wa ya nema, wa ya amince, nawa za a biya. Masu rumbun takardu, irin su FileNet na 1982 da Documentum na 1990 a Amurka, da SharePoint da Microsoft ya fitar a 2001, suka riƙe hoton takardar da tarihin wanda ya buɗe ta ko ya canza ta. A Najeriya ɓangaren kuɗi aka fara bi: IPPIS na albashi a 2007, GIFMIS na kasafi da kashe kuɗin gwamnati a 2012, sai asusun bai-ɗaya da aka tilasta wa hukumomin tarayya a 2015. Lambobi suka hau intanet, takardu suka tsaya a rajista, ofishin ajiyar fayiloli.

Haɗa su ba wani siddabaru ba ne. Takardar tana zama wuri ɗaya a rumbu, ba a kwafe ta. Idan akanta ya buɗe bauca, manhajarsa ta aika lambar baucar ga rumbun, rumbun ya nuno duk takardun da ke ɗauke da wannan lambar, muddin an ba shi izinin gani. In ya amince, shaidar amincewar ta koma rumbun ta zauna tare da su. A da kowane irin haɗi sai an biya ƙwararru sun ɗinka shi na musamman, kuma da an sabunta ɗaya daga cikin manhajojin sai ɗinkin ya ɓalle. Wannan ne ya sa IBM da Microsoft da EMC da wasu suka haɗu kan ƙa'ida ɗaya mai suna CMIS, wadda OASIS, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin manhaja, ta amince da ita a 2010. Shekara guda bayan haka, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya fayyace sharuɗɗan da kotunan Najeriya za su karɓi takardar da ta fito daga kwamfuta, abin da ya rage wa odita uzurin cewa sai ya ga ta asali.

A ganina, inda gizo ke saƙar ba wutar lantarki ba ce, ko da yake ita ma tana nata. Lambar nan ce. Na taɓa zama kusa da wata ma'aikaciya da aka ba aikin sikanin tsofaffin fayiloli. Kwali bayan kwali take yi, na'urar na raɗa wa kowane shafi sunan da ta ga dama, ba wanda ya ce mata ta shigar da lambar fayil ko ta bauca. Ɗan kwangila guda kuma yana cikin manhajar kuɗi sau uku: Muhammadu, Muhammad da Moh'd. Ranar da aka jona manhajojin biyu, akanta ya danna, rumbu ya ce babu takarda. Tsohon magatakardan rajista aka kira daga gida ya zo ya nuna musu kwalin da take ciki.