Zoɓo da hawan jini

Zoɓo, ko zoɓorodo, shi ne jan ɓawon da ke rufe da ƙwallon 'ya'yan yakuwa, wanda ake shanyawa a dafa ko a jiƙa a sha. Masana tsirrai suna kiran yakuwa Hibiscus sabdariffa, dangi ɗaya take da rama da kuɓewa da auduga. A ƙasar Hausa ana miya da ganyenta, 'ya'yanta kuma, wato gurguzu, da su ake daddawar batso. Ana nomanta sosai a Jigawa da Kano da Katsina, har ana fitar da zoɓon zuwa ƙasashen waje, musamman Meziko. Cikin duk tsirrai da kayan ƙamshin da ake dangantawa da sauke hawan jini, zoɓo na daga cikin 'yan kaɗan da aka gwada a jikin mutane sau da dama aka ga tasiri.

Hawan jini da yadda ake auna shi

Awon jini lamba biyu ne. Ta sama tana nuna ƙarfin da jini ke bugun jijiya lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar mutum yana da hawan jini idan an auna shi a ranaku biyu daban-daban aka samu 140/90 ko fiye. Sama da mutum biliyan ɗaya ke ɗauke da cutar a duniya, kuma kusan rabinsu ba su sani ba, domin galibi ba ta ciwo. Sai ta kai ga shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon ƙoda, ko gazawar zuciya, sannan a farga.

Abin da gwaji ya nuna

Gwajin da aka fi ambata shi ne na Jami'ar Tufts da ke Boston a Amurka, wanda aka wallafa a 2010. An ɗauki mutum 65 waɗanda jininsu ya fara hawa amma ba sa shan magani. An ba wasu kofi uku na zoɓo kullum har mako shida, sauran kuma aka ba su wani abin sha mai kama da shi wanda babu zoɓo a ciki. Lambar sama ta masu shan zoɓo ta sauka da kimanin maki 7, ta sauran da maki 1 da ɗoriya. Waɗanda jininsu ya fi hawa tun farko su ne suka fi samun sauƙi.

Kafin nan, likitoci a Meziko sun kwatanta zoɓo da magungunan hawan jini na asibiti. A 2004 sun jiƙa giram 10 na busasshen zoɓo a rabin lita na ruwa, ana sha kullum da safe na mako huɗu, suka samu sakamakonsa bai yi nisa da na ƙwayar kaftofiril ba. A 2007 suka gwada shi da lisinofiril, sai ƙwayar ta fi shi ƙarfi. A Inugu ma an yi irin wannan gwaji da masu hawan jini marar tsanani, aka ga saukar jini. Wani nazari na 2015 da ya haɗa gwaje-gwaje biyar, masu mutum 390, ya sami matsakaicin sauka na maki 7.6 a sama da 3.5 a ƙasa.

Wannan sauka ba ƙarama ba ce, amma tana da iyaka. Wanda jininsa ke 145 yana iya dawowa ƙasa da 140. Wanda yake 180 bai ko kusa ba. Sannan gwaje-gwajen duk ƙanana ne, na makonni kawai, kuma kowanne da irin haɗinsa. Shi ya sa masu bitar binciken lafiya na ƙungiyar Cochrane, waɗanda sharuɗɗansu ke da tsauri, suka ce hujjar ba ta kai a ɗora hukunci a kanta ba tukuna.

Yadda yake aiki

Jan launin zoɓo daga sinadaran antosayanin yake fitowa. A ɗakin gwaji an ga suna rage aikin wani sinadarin jiki da ke haddasa tsukewar jijiyoyin jini, wanda shi ne dai irin su kaftofiril da lisinofiril ke toshewa. Zoɓo kuma yana ƙara fitsari kaɗan, ta haka jiki ke zubar da gishiri da ruwa.

Zoɓon gwaji da zoɓon kasuwa

A nan ne mutane da yawa ke yin asara. Abin da aka sha a yawancin gwaje-gwajen nan zoɓo ne da ruwa, tsaminsa na nan. Wanda ake ƙullawa a leda ko a zuba a gora a sayar a tasha kuwa, an cika shi da sukari da filebo, kuma yawan sukari yana kawo ƙiba da ciwon suga, abokan tafiyar hawan jini. Wasu masu dafawa suna jefa 'yar kanwa don kashe tsami. Kanwa kuwa sodiyam ce ta fi yawa a cikinta, sinadarin da ya sa ake hana mai hawan jini gishiri. Mai son amfanin zoɓo ya bar shi da tsaminsa, in ya so ya ƙara citta da kanumfari ko ɓawon abarba don ɗanɗano.

Tafarnuwa da sauran kayan ƙamshi

Bayan zoɓo, tafarnuwa ce ke da hujja mai ɗan ƙarfi. Nazarin 2020 da ya tattara gwaje-gwaje 12 a kan masu hawan jini ya sami sauka ta kusan maki 8 a sama da 5 a ƙasa. Sai dai ƙwayoyin tafarnuwa da aka sarrafa aka yi amfani da su, ba 'yar wadda ake dakawa a miya ba. Citta, girfa da zogale ana yabonsu ƙwarai, amma gwajinsu a jikin mutane bai taka kara ya karya ba.

Babban amfanin kayan yaji a wajen mai hawan jini ta wata hanya yake zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗano mafi yawansa gishiri ne. Miyar da ta ji daddawa, tafarnuwa, citta, masoro da kimba ba ta buƙatar dunƙule huɗu kafin ta yi daɗi.

Abubuwan kiyayewa

Mai shan ƙwayar hawan jini idan ya haɗa da zoɓo mai yawa, jinin yana iya sauka fiye da kima, ya ji jiri ko kasala, don haka ya sanar da likitansa kuma ya riƙa awo. Haɗari mafi girma shi ne ajiye ƙwaya a koma zoɓo kaɗai, domin jinin zai koma sama mutum bai ji komai a jikinsa ba. Wani bincike a Sudan ya nuna zoɓo yana rage yawan kulorokwin da jiki ke tsotsa idan an sha su tare. Tafarnuwa mai yawa tana ƙara tsinka jini ga masu shan asfirin ko warfarin, kuma ana dakatar da ƙwayoyinta kafin tiyata. Mai ciki da jininta ya hau, musamman idan da ciwon kai, kumburin fuska ko dishi-dishin gani, asibiti za a kai ta nan take, domin alamun jijjigar masu ciki ne.