Fasahar sababbin kafafe da koyar da ita a jami'a

Fasahar sababbin kafafe suna ne da ake ba ayyukan zane da ƙirƙira waɗanda aka yi su da talabijin, bidiyo, kwamfuta ko intanet, maimakon alli da fenti. A jami'a ana koyar da ita ta fuska biyu: tarihinta, da tunanin da masana suka gina a kanta.

Galibin malamai kan fara daga Nam June Paik, ɗan Koriya, wanda a 1963 ya baje akwatunan talabijin a Wuppertal ta Jamus bayan ya jirkita hotonsu da gangan. Daga nan sai baje kolin Landan na 1968, inda aka nuna zane da kiɗan da kwamfuta ta taimaka aka yi, da bikin Ars Electronica da aka fara a Linz ta Ostiriya a 1979. Ta fannin nazari kuwa, da wuya a tsallake Walter Benjamin, wanda tun shekarun 1930 ya tambayi abin da ke saura na kwarjinin aiki idan na'ura ta iya buga kwafinsa dubu, sai Marshall McLuhan da ya ce a 1964 hanyar da saƙo ya bi ita ce saƙon.

Wannan jeri duk a Turai da Arewacin Amurka ya faru, kuma nan ne rauninsa. Malamin da ke gaban ɗalibai a Damagaram yana da Moustapha Alassane, ɗan Nijar da ya yi finafinan zane mai motsi tun shekarun 1960, da kwaɗi a matsayin shugabanni. Ɗalibi ya fi saurin kama zancen daga nan.

Babbar matsalar darasin ita ce aikin yana mutuwa tare da na'urarsa. Hoton fenti yana iya shekara ɗari a rataye. Amma ayyukan intanet da dama da aka gina da manhajar Flash sun daina buɗewa bayan kamfanin Adobe, mai ita, ya janye tallafinsa a ƙarshen 2020, kaset ɗin bidiyo kuma injin kunna shi ya yi wuyar samu. Mutumin Damagaram bai rasa misali ba: adon bangon gidajen Birni, tsohuwar unguwar garin, in ba a sake yaɓe ba, damina biyu uku ta cinye shi. Shi ya sa ake muhawara ko a ajiye tsohuwar na'ura, ko a mayar da aikin kan sabuwa ko da kamanninsa sun ɗan sauya.

A aji abin yana da nasa wahala. Wuta ta ɗauke, majigi ya mutu, sai ɗalibai su taru kan waya guda suna kallon aikin da aka tsara don ya cika ɗaki. Malami nagari kan tsaya nan ya tambaye su me ya ɓace tsakanin ɗakin da wayar.