Fim mai zaman kansa a Katsina da Daura

Fim mai zaman kansa shi ne wanda mutum ɗaya ko 'yar ƙungiya ke shiryawa da kuɗin aljihunsu, ba tare da wani babban kamfani ko hukuma ta ɗauki nauyinsa ba. A Katsina da Daura ana samunsa iri uku: na adana tarihi da al'ada, wanda 'yan fim ke kira dokumentari, da na barkwanci, sai na gwaji da ba ya bin tsarin labarin da aka saba. Babbar kasuwar fim ɗin Hausa a Kano take, shi ya sa aikin da ake yi a waɗannan masarautu biyu bai cika samun mai rubuta tarihinsa ba.

Asali

Kafin bidiyo, majigi aka sani. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya fim domin ƙasashen da take mulka, motocin majigi kuma suka riƙa zaga garuruwan Arewa, har da lardin Katsina. Mota kan iso da la'asar, a gaida hakimi ko dagaci, sanƙira ya bi unguwanni da shela. Bayan sallar isha'i sai a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a tayar da inji, yara a gaba a kan rairayi, manya a baya. Mai bayani na tsaye da lasifika yana faɗin abin da hoto ke nufi da Hausa, yakan kuma ƙara nasa gishirin don jama'a su yi dariya. Abin da ake nunawa bai wuce tsabta da rigakafi da noman gyaɗa da auduga da labarin manya ba. Fim ɗin Baban Larai, na koyar da noma, an yi shi ne a wajen tsakiyar shekarun 1950, ana kuma danganta ɗaukarsa da Daudawa, garin auduga da ke ƙaramar hukumar Faskari a yau.

Duk wannan aikin hukuma ne, amma shi ya cusa wa masu kallo cewa fim abin faɗakarwa ne. Har gobe mai shirya fim a Katsina, ko da na ban dariya ne, zai ce maka saƙo yake isarwa.

A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim. A gidajen talabijin kuwa ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ne suka riƙe fagen, cikin fitattunsu akwai Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka fi sani da Kasagi, marubucin Kulɓa Na Ɓarna. Da aka ƙirƙiro jihar Katsina a 1987 ta samu tashar talabijin ta kanta, 'yan wasa suka samu inda za su nuna aikinsu a gida. Juyin gaske ya zo da kyamarar kaset. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, ya nuna cewa talaka ma zai iya shirya fim ya sayar. Daga nan kyamara ta shiga hannun masu ɗaukar biki da suna, da yawansu kuma a nan suka koyi sana'ar.

Dokumentari

Nan ne Katsina da Daura suka fi wadata, don abin ɗauka ba ya ƙarewa: hasumiyar Gobarau, kaburburan Durɓi ta Kusheyi, ƙofofin birni irin su Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa, tsohon ginin Kwalejin Katsina, rijiyar Kusugu da labarin Bayajida, Hawan Sallah, Hawan Magajiya da Sallar Gani a Daura. Ranar hawa za ka ga mai kyamara ya hau katanga tun hantsi, yana kare gilashi da hula saboda ƙurar dawaki, jira yake 'yan bindiga su harba, laimar sarki ta ɓullo. Akwai kuma hotunan mawaƙa a wuraren biki, musamman na Mamman Shata, ɗan Musawa da ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura. Yawancin waɗannan kaset-kaset suna hannun iyalai da tsofaffin masu ɗaukar bidiyo, zafi da ƙura na cin su, kuma wannan asara ce babba, don muryoyin dattawan da ke cikinsu ba za a sake samun su ba.

Barkwanci

Saiwarsa tana cikin tashen watan azumi, da wasan 'yan kama, da wasan da ke tsakanin Katsinawa da Gobirawa. 'Yan fim na kiran wannan layi camama. Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a 2014, shi ya fi kowa yaɗa shi a ƙasar Hausa. Camama ba ta son kuɗi da yawa: ƙauye ɗaya, yini biyu ko uku, sau da yawa babu rubutaccen labari, darakta ya faɗi yadda fitowa za ta kasance, 'yan wasa su cika da bakinsu. Yanzu ta koma gajerun bidiyo na waya a YouTube da TikTok da Facebook, inda karin harshen Katsinanci kansa ya zama abin jan masu kallo.

Fim na gwaji

Shi ne mafi ƙaranci. A maƙwabciyar ƙasa Nijar an daɗe da shi, inda Moustapha Alassane ya fara fim ɗin zane mai motsi tun shekarun 1960.

Taƙaddama da kasuwa

Malamai da iyaye sun sha sukar rawa da waƙa da cuɗanyar maza da mata a fim, 'yan fim kuma na cewa sana'a ce da ke ciyar da matasa. Kano ta kafa hukumar tace fim a 2001, wadda dokokinta ke shafar duk mai son kai hajarsa kasuwar can. Cinikin faifan CD ya mutu saboda satar fasaha da masu tura fim a waya, don haka mai shirya fim a yau ya dogara ne da tallan intanet, ko kwangilar ƙungiyoyi, ko ɗaukar biki.