Gwoupman da horon shugabancin haɗin gwiwa a karkarar Haiti

Gwoupman kalma ce ta Kiriyol, harshen da kowa da kowa ke ji a ƙasar Haiti, ana nufin ƙaramar ƙungiyar manoma 'yan unguwa ɗaya, yawanci mutum 10 zuwa 20, masu yin noma tare, su tara ɗan kuɗi a asusu ɗaya, su kuma riƙa zama akai-akai suna tattauna abin da ya dame su. Wanda ke koya musu yadda ake tafiyar da zaman ana ce masa animatè, in mace ce animatris, kuma shi ba shugaba ba ne, aikinsa dai ya zuga mutane su buɗe baki su yanke shawara da kansu. A kan wannan tsari ne aka gina mafi yawan aikin raya karkara daga tushe a Haiti tun wajen shekarun 1960.

Asali

Tun kafin wani ya zo da maganar horo, manoman Haiti suna da nasu hanyoyin taimakon juna. Bayan juyin da bayi suka yi suka kori Faransa aka ayyana 'yanci ranar 1 ga Janairu 1804, tsoffin bayin sun ƙi komawa manyan gonakin rake, kowa ya haura tsauni ya kama ɗan filinsa, dangi suka zauna gida-gida a fili ɗaya da ake kira lakou. Daga nan konbit ya samu gindin zama, wato gayya kenan kamar yadda Bahaushe ya santa, mai gona ya gayyaci maƙwabta, ya dafa abinci ya tanadi abin sha, a busa lambi (ƙaton ƙwanson dodon koɗin teku da suke busawa kamar ƙaho), a yi ta aiki ana kiɗa, akwai ma mai ba da waƙa da ake kira simidò wanda kan sako habaici ga mai rowa ko malalaci. Akwai eskwad, ita ƙarama ce kuma mutanenta ba sa canzawa, yau gonar wannan gobe ta wancan. Sai sòl, wanda adashi ne sak.

Suna da karin magana a kan haka, men anpil chay pa lou, hannu da yawa kaya ba nauyi, da kuma wai yatsa ɗaya ba ya cin miyar kuɓewa.

Amma fa aikin taro yana da mummunan tarihi shi ma. Lokacin da sojojin Amurka suka mamaye ƙasar daga 1915 zuwa 1934 sun farfaɗo da aikin tilas na gina hanyoyi mai suna kòve, ana kama manoma har a ɗaure su da igiya, abin da ya hura wutar tawayen manoma masu ɗauke da makamai da ake kira Kako ƙarƙashin Charlemagne Péralte, ɗan garin Hinche, wanda aka kashe a 1919. Tun daga nan baƙauyen Haiti yake ɗari-ɗari da duk wanda ya zo daga birni ya ce a fito aikin gayya don ci gaba.

Zamanin Duvalier

François Duvalier ya hau mulki a 1957, ya mutu a 1971 ɗansa Jean-Claude ya gaje shi har 1986. A karkara mai iko shi ne chèf seksyon, wani irin dagaci ne da ke ƙarƙashin soja, shi ne ɗan sanda shi ne alƙali shi ne mai karɓar haraji, ga kuma 'yan ta'ifen gwamnati da aka fi sani da Tonton Makout. Mutanen birni masu jin Faransanci kuwa suna kiran manoma moun andeyò, ma'ana mutanen waje, alhali su ne mafi yawan 'yan ƙasar.

Gwamnati da ƙungiyoyin agaji na waje sun kakkafa abin da suka kira majalisun al'umma a ƙauyuka, ana raba abinci a madadin aikin hanya ko haƙa magudanar ruwa. Matsalar ita ce manyan gari, masu filaye da dillalan kofi da 'yan Makout, su suka riƙe kujerun, talaka ya zo ya zauna a baya ya yi shiru, in buhun alkama ya ƙare majalisa ta watse. Wannan ne gwoupman ya zo gyarawa, shi ya sa aka ƙanƙanta shi, aka ce sai mutanen da ƙarfinsu ɗaya, waɗanda suka san juna suka yarda da juna, don kar wani gwo nèg, babban mutum, ya shigo ya danne kowa.

Coci da Papay

Galibi ana danganta gwoupman na farko da aikin wasu limaman Katolika a yankin Laborde kusa da Les Cayes a kudu, a cikin shekarun 1960. Lokaci ne da cocin Katolika a Latin Amurka ya karkata ga talakawa, musamman bayan taron bishop-bishop na yankin a birnin Medellín na Colombia a 1968, ga kuma tasirin malamin nan ɗan Brazil Paulo Freire, mai cewa yaƙi da jahilci ba koyon baƙi kawai ba ne, mutum ya gane me ya sa yake cikin halin da yake ciki. A Haiti abin ya zama ti legliz, ƙananan coci, inda mutane kan zauna su karanta Littafi Mai Tsarki da Kiriyol sannan su tambayi kansu wane ne Fir'aunan unguwarsu. Da yake coci ne kusan kaɗai wurin da ake iya taruwa ba a sha duka ba, a inuwarsa ƙungiyoyin suka girma.

Mafi shahara ita ce Mouvman Peyizan Papay, MPP a taƙaice, wadda wani masanin aikin gona Chavannes Jean-Baptiste ya fara a 1973 a ƙauyen Papay kusa da Hinche, a tudun tsakiyar ƙasar, da 'yan ƙungiyoyi ƙalilan. Ya zo da niyyar koyar da dabarun noma, sai ya tarar ko amfanin gona ya ƙaru mai ba da bashi da ruwa da dillali da chèf seksyon su ke cinye ribar, manomi ya sayar da masara da arha lokacin kaka ya dawo ya saye ta da tsada lokacin shuka. Sai aka koma gina rumbunan haɗin gwiwa da asusun bashi. A hankali MPP ta kai dubun-dubatar mambobi, ana yawan ambaton kimanin 60,000, da rassan mata da na matasa daban. Jean-Baptiste ya samu lambar yabo ta Goldman kan muhalli a 2005. A arewa maso yamma kuma akwai Tèt Kole, wadda limami Jean-Marie Vincent ya yi aiki da ita.

Da Fafaroma John Paul na biyu ya ziyarci ƙasar a Maris 1983 ya ce dole wani abu ya canza a nan, 'yan ti legliz suka riƙe maganar gam, gidan rediyon coci Radyo Solèy ya yi ta watsa koke-koken talakawa da Kiriyol.

Yadda horon yake

Animatè ana ɗauko shi ne daga cikin manoman, a kai shi cibiya ya yi makonni, ya koma gida ya gwada, ya sake dawowa. Tsarin da aka fi bi mataki uku ne, a duba, a auna, a aikata. Da yake da yawa ba sa karatu, ana amfani da zane da waƙa da wasan kwaikwayo da karin magana, misali a nuna hoton babban kifi na haɗiye ƙanana a ce wa ya gane kansa a nan, ko a jefo maganar nan tasu cewa dutsen da ke cikin ruwa bai san wahalar dutsen da ke rana ba, a bar mutane su yi ta brase lide, wato dama ra'ayi kamar ana dama fura. Ana koyon abubuwa ƙanana da su ne ainihin lamarin, yadda ake buɗe taro da rufe shi, yadda ma'aji zai karanto lissafi a gaban kowa, yadda za a sa mai yawan surutu ya dakata tsohuwa ta yi magana, yadda ake karɓa-karɓar muƙami. Gaisuwar ma tana da nata matsayi, mai shigowa ya ce onè, a amsa masa respè, girma da mutunci kenan.

Bambancinsa da konbit a nan yake, gayya da yamma ta yi an ci an sha kowa ya kama gabansa, gwoupman kuwa yana nan, yana da asusu, yana da gonar ƙungiya, kuma yana tambayar wa ya mallaki ƙasar da ake nomawa. Wannan tambayar ce ta jawo musu bala'i.

Kisan aladu

Bayan cutar zazzaɓin aladu ta ɓulla a tsibirin da Haiti take kai a ƙarshen shekarun 1970, an kashe kusan duk baƙaƙen aladun gargajiya na ƙasar a farkon shekarun 1980 bisa matsin lambar Amurka da maƙwabta. Alade shi ne bankin manomin Haiti, kamar yadda akuya ko tunkiya take a wasu wurare, shi ake sayarwa a biya kuɗin makaranta ko jana'iza. Waɗanda aka kawo daga Amurka a madadinsu sai da daɓen siminti da abincin kanti, talaka bai iya riƙe su ba. Neman a dawo da aladun gargajiya ya zama ɗaya daga cikin abin da ya haɗa kan ƙungiyoyin manoma.

Daga 1986 zuwa 1994

Jean-Claude Duvalier ya gudu Faransa ranar 7 ga Fabrairu 1986, ƙungiyoyin da ke ɓoye suka fito fili. Coci ya ƙaddamar da shirin yaƙi da jahilci na Misyon Alfa, wanda bai daɗe ba shugabannin cocin suka rufe shi wajen 1988. A 1987 aka kafa gamayyar ƙungiyoyin manoma ta ƙasa mai suna MPNKP daga taron Papay, a shekarar ce kuma sabon kundin tsarin mulki ya mai da Kiriyol harshen hukuma tare da Faransanci, ya tanadi zaɓaɓɓun majalisun karkara da ake kira KASEK da ASEK. A ranar 23 ga Yuli na wannan shekarar, a Jean-Rabel, mutanen manyan masu filaye suka far wa manoma 'yan Tèt Kole da adduna, aka kashe aƙalla 139, wasu na cewa adadin ya wuce haka sosai.

Waɗannan ƙungiyoyi suna cikin waɗanda suka kai limami Jean-Bertrand Aristide ga nasara a zaɓen 16 ga Disamba 1990. Sojoji suka kifar da shi ranar 30 ga Satumba 1991, kuma cikin shekara uku da suka biyo baya animatè ya zama abin farauta, an wawashe cibiyar Papay, Jean-Baptiste ya yi gudun hijira, da yawa suka shiga daji, an harbe Jean-Marie Vincent a babban birni Port-au-Prince a Agusta 1994, ana saura 'yan makonni Aristide ya dawo. Daga baya MPP da Aristide sun raba gari.

Sababbin salo

A 1994 limami Joseph Philippe, wanda ya riga ya kafa ƙungiyar manoman Fondwa, ya jagoranci kafa Fonkoze, bankin talakawa mai ba mata 'yan kasuwa bashi rukuni-rukuni haɗe da karatu. Wajen ƙarshen shekarun 1990 kuma gidauniyar Limyè Lavi da abokiyar aikinta Beyond Borders suka yaɗa wonn refleksyon, a zauna a da'ira a karanta ɗan gajeren rubutu da Kiriyol kowa ya faɗi fahimtarsa ba wanda ke da amsar ƙarshe, da kuma salon buɗaɗɗen taro na wani Ba'amurke Harrison Owen inda mahalarta ne ke rubuta ajanda da kansu, wanda ya ga ba ya ƙaruwa a rukuninsa ya tashi ya koma wani. A ƙasar da makaranta ta saba da hadda da bulala, malamai da yawa sun ɗauki salon.

Bayan girgizar ƙasar 12 ga Janairu 2010, MPP ta tsugunar da wasu 'yan gudun hijira a ƙauyukan noma da ta gina, a watan Yuni kuma dubban manoma suka yi zanga-zanga a Hinche suna ƙin amincewa da kyautar irin shuka daga kamfanin Monsanto na Amurka.

Saɓani

Masu suka na cewa kuɗin waje ya sa wasu ƙungiyoyin sun zama na neman kwangila, kuma wasu jagororin sun daɗe a kujera fiye da yadda horon ya koyar. Magoya baya na cewa rage harajin shinkafar waje zuwa kashi 3 cikin 100 a 1995 ya fi komai karya manomi.

Halin yanzu

Tun kisan shugaba Jovenel Moïse a Yuli 2021 'yan daba sun tare manyan hanyoyin fita daga babban birni, rikicin ya kai kwarin Artibonite da garin Mirebalais, kuma wa'adin zaɓaɓɓun KASEK ya ƙare ba a yi sabon zaɓe ba.