Waiwaye: Yadda Shamakin Kano ya koma mai kula da hawa

Duk lokacin da aka taso da batun ba sarakuna gurbi a kundin tsarin mulki, sai ka ji ana cewa sarautun fada kwalliya ce kawai. Mai wannan magana ranar hawan Daushe yake hangen Shamaki cikin rawani, bayin sarki na biye, dawakan zage na wucewa da kayan ado. Bai san cewa wannan sarauta ta taɓa riƙe ragamar gidan sarki ba.

Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya hau karaga a 1819, shi ya farfaɗo da sarautun bayi na zamanin Haɓe, ya jingina da Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, domin bawan sarki ba ya neman gadon sarauta. Turawa suka ci Kano a 1903, aka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e, wato hukumar mulkin gargajiya da ke ƙarƙashin sarki, a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. Wannan kowa ya haddace.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne shekaru goman farko na mulkin Turawa. A da, hakimai a birni suke zaune, jakadu ke fita ƙauyuka su karɓo haraji, hatsin gandayen sarki kuma ta hannun manyan bayi yake shigowa fada. Daga nan ake ciyar da dawaki, a tufatar da barori, a sallami baƙo. Wanda yake riƙe da rumbu da barga, shi ake durƙusa wa. Sai aka tura hakimai su zauna a gundumominsu, aka soke aikin jakadu, aka kafa baitulmali, kuɗi ya koma shiga littafi yana fitowa a matsayin albashi. Ba a tuɓe wa Shamaki rawani ba, amma hanyar da dukiya ke bi ta ƙofarsa ta kauce, ma'aji da malaman lissafi suka gaje ta. A ganina nan gizo yake saƙar, kuma abin yana ba ni tausayi, don sanin sirrin fada da gidajen manyan bayin nan suka tara kaka da kakanni ba shi da gurbi a takardar albashi.

A 1926 aka raba manyan bayin sarki da ɗan ikon da ya rage musu. Aka bar wa Shamaki dawaki, da tsarin zaman fada, da shirin hawan sallah.