Motar hybrid: wa ke raba aiki tsakanin inji da batir?

Wai direba ne ke zaɓar lokacin da motar hybrid, wato mai haɗa injin fetur da na lantarki, za ta sha fetur ko ta koma lantarki?

A'a, kwamfutar cikin motar ce. Kai dai taka totur, ita kuma tana duba gudun mota, cajin da ya rage a batir, zafin inji da yadda ka danna ƙafa, sai ta raba aikin, kuma cikin daƙiƙa ɗaya tana iya sake lissafin sau da yawa ba ka ma sani ba.

To me take lissafawa haka?

Nan ne fa maganar take. Injin fetur yana ɓarnar mai sosai in mota na tsaye ko tana jan ciki a cunkoso, ya fi amfani in yana juyawa a matsakaicin gudu da nauyi a kansa. Shi ya sa wajen tashi kwamfutar ke barin lantarki ya ja motar, in an hau titi ta kunna inji, in ƙarfin ya yi yawa ta juya rarar zuwa batir, in kuma za ka wuce wata mota ko hawan tudu sai ta haɗa su biyun. Toyota Prius da ta fito a Japan a 1997 da wani giya na musamman take wannan rabon. Abin da mutane ke mantawa shi ne, in ba irin wadda ake jonawa a soket ba ce, duk wutar batirin nan asalinta daga fetur ne, tattali kawai ake yi.

Me ya sa batir ba ya cika fal?

Da gangan ne. A tsofaffin Prius ana riƙe cajin wajen kashi 40 zuwa 80 cikin 100, don cikawa fal ko zuƙewa ƙarƙaf na saurin tsufar da batir, sannan dole a bar wurin zuba wutar birki.

Birki kuma?

Eh mana. In ka taka a hankali, injin lantarkin da ke juya tayoyi kan koma janareto, gudun da za a yi asara ya zama caji. In ka taka da ƙarfi lokaci ɗaya birkin tayoyi ne ke karɓar yawancin aikin, ƙarfin ya tafi a zafi. Shi ya sa a ganina mai tuƙin gaggawa ba ya morar irin wannan mota.

Ina tsaye inji ya tashi da kansa, matsala ce?

Yawanci ba komai. Ko dai yana ɗumama kansa ne, ko ka kunna hita, ko kuwa AC ta janye caji yana mayarwa.